Hayaƙin Gidan Najiba

A unguwar Harra ta Gabas, a hawa na biyu na wani tsohon bene da aka gina kan baƙin dutse, Hajja Ƙaltume na soya gahawa bayan la'asar, kamar yadda ta saba tun zuwanta Madina daga Gadarif ta ƙasar Sudan tana amarya. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Ya bar mata 'ya'ya biyu: Sharfuddeen, ɗan fari, mai aikin lodin kayan matafiya a filin jirgi, da Huda, auta, 'yar makaranta da ke jin Hausa sarai amma rabin amsarta da Larabci take fitowa. Hajja ba ta kama sunan ɗan fari. Ɗan'inna take ce masa, sunan da kakarsa ta laƙaba masa.

Ran nan ya shigo da rigar aiki a jikinsa, ya yi sallama, ya tsaya yana juya makullin mota a hannu.

"Inna, ina da magana."

"Tun daga ƙofa na gan ta a goshinka. Zauna, kada ka tare min iska."

Huda ta ɗago kai daga wayarta, ta dube shi sama da ƙasa, ta buga tafi. "Aure ne! Wallahi aure ne! Mabruk, ya Sharaf!"

"Ke, rufe mana baki!" in ji Hajja, amma ita ma murmushi take. Shekarunsa sun haura talatin, ta gaji da nuna masa 'ya'yan ƙawaye. "'Yar wace ce?"

"Najiba sunanta. 'Yar Malam Issoufou tela, mutumin Abeshe ta ƙasar Chadi, na Harra ta Yamma. Mahaifiyarta ta rasu, ita ma mutuniyar Sudan ce. Tare muke aiki. Ita ke tura tsofaffin alhazai mata a keke daga bakin jirgi, tana yi musu tafinta."

"A ina ka samu sukunin kallonta, kai da kake ƙarƙashin jirgi?"

Ya yi dariya. Wata tsohuwa ce 'yar Sakkwato, in ji shi, ta rungume ƙullin daddawarta ta rantse ba mai raba su, ma'aikata sun yi sun gaji. Najiba ta durƙusa gabanta tana lallashi, ta ce, "Hajiya, ki bar su su sansana, su da kansu za su mayar miki." Tsohuwar ta yi dariya har da hawaye, ta saki ƙullin. Shi kuma yana gefe da akwatin wani a kafaɗa, ya manta inda zai kai shi.

"Sai dai, Inna, gara ki ji a bakina. Ta yi aure sau biyu. Na farko da ɗan gwaggonta, zama bai yi daɗi ba. Na biyu misyar ne, da wani ɗan kasuwa na Yanbu."

Hajja ta dakata da juya kaskon. Ta san misyar: aure ne da waliyyi da shaidu da sadaki, sai dai matar na zaune a gidansu, mijin ne ke zuwa yana komawa. Malamai da dama sun halatta shi, matan unguwa kuwa ba su taɓa yafe shi ba.

"Shi kuma me ya kashe shi?"

"Hanya ta yi masa nisa. Ta waya ya sake ta."

Ta juye gahawar a turmi. "Zawarci ba cuta ba ne. Zan je in gan ta da idona."

A al'adarsu, uwar namiji ba ta aika sanarwa in za ta je ganin yarinya. Takan ɗauki ƙawa su faɗa gidan kamar masu wucewa da ƙishirwa ta kama, don a ga gida yadda yake kullum. Hajja ta ɗauki aminiyarta Safiyyatu, mace mai kirki a wurin biki da rashin lafiya, wadda kuma ba labarin da ke kwana a Madina bai biya ta ɗakinta ba.

Tun a cikin tasi Safiyyatu ta fara. "Hajja, don kin ce in raka ki ne kawai. Kin san sunan da ake kiran yarinyar nan a Harra ta Yamma?"

"Najiba."

"Funduƙ! Masaukin baƙi. Wannan ya sauka ya tashi, wancan ya sauka ya tashi. Motar mutumin Yanbu kowa ya san ta, a ƙofar gidan take kwana."

"Ai mijinta ne a lokacin."

"Miji! Mijin da bai ajiye ko takalmi a gidan ba? To, ni dai ban ce komai ba."

Suna shiga lungun, Hajja ta ja numfashi ta tsaya. Ba ta buƙaci a gaya mata ba. Ƙamshin itacen ɗalha ne, mai kauri, mai ɗan zaƙi, yana saukowa daga saman benen Malam Issoufou. Duhan ke nan, turaren jiki na matan Sudan: mace ta shafe jikinta da mai, ta zauna kan tukunyar hayaƙi, ta lulluɓa da bargo mai nauyi har fata ta yi ja ta yi laushi. A garin su Hajja, wannan hayaƙi na matar aure ne kaɗai. Budurwa ba ta kusantarsa sai an sa ranarta. Wadda aka saka ko mijinta ya mutu takan kife tukunyar ta ajiye. In an ga hayaƙi na tashi a gida, kowa ya san akwai namijin da ake jira. Gidan nan kuwa daga tsohon tela sai 'yarsa.

Safiyyatu ta riƙe haɓa. "Kin ji da hancinki, ba ni na faɗa ba."

Najiba ce ta buɗe musu ƙofa. Doguwa ce, mai fara'a, ta yafa zane a gurguje, goshinta na naso da gumi, ƙamshin na biye da ita. Ta gane Hajja nan take, don ta ga hotonta a wayar Sharfuddeen. Ta durƙusa har ƙasa.

"Marhaba, Hajja! Sannunku da zuwa. Ku gafarce ni, kun same ni a kan hayaƙi."

Ko ɓoyewa ba ta yi ba. Ta kawo ruwa, ta kawo dabino, ta haɗa shayi da na'ana'a. Hajja ta kurɓi ruwan, ta gaida Malam Issoufou ta bayan labule, ta miƙe. Shayin ta bar shi yana tururi, ba ta taɓa ba.

Da Sharfuddeen ya dawo aiki ya tarar da uwarsa ta haɗa kai da gwiwa.

"Ɗan'inna, ka nemi wata."

"Me ta yi miki, Inna?"

"Ba ta yi min komai ba. Macen da ba ta da miji tana duhan da rana tsaka, unguwa duk tana shaƙa! Wa take yi wa? Ni ba zan iya shiga taron mata a nuna ni a ce ga surukar Funduƙ ba. Na rene ku babu uba, ban bari an taɓa faɗin kalma ɗaya a kan gidan nan ba." Ta ja gefen mayafi ta share ido.

Huda ta yi tsaki daga ƙofar kicin. "Ya Ummi, haram alaiki! Don turare?"

"Ki shiga ciki, ba da ke nake ba!"

Sharfuddeen ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, idanunsa sun yi ja. "Inna, ba zan ɗaura auren da ba ki sa wa albarka ba. Amma kada ki ce in nemi wata. Ba zan iya ba, kuma zaluntar wata zan yi."

Washegari a wurin aiki ya sami Najiba a lokacin hutu, tana zaune kan benci kusa da inda ake jera kekuna. Ya tsaya nesa kaɗan, yadda ya saba. Bai gama bayani ba ta ɗaga hannu.

"Na sani tun da ta bar shayin."

"Najiba, don Allah ki ajiye tukunyar nan na ɗan lokaci. Har ta huce."

"In na kashe wutar saboda maganarsu, na amsa sunan ke nan, Sharaf. Sai su ce ta ji kunya ta tuba. Tuba daga me?" Hawaye ya zubo mata, ta goge da bayan hannu, ta yi ƙoƙarin murmushi. "Amma ka ji, ba zan shiga gidan da uwarka ba ta buɗe min ƙofa ba. Na yi aure biyu, na san yadda gida yake in babu albarka. Zan jira."

"Har yaushe?"

"Har ka tsufa in riƙa tura ka a keken nan. Na iya aikin ai."

Ya yi dariya ba da niyya ba. "Ke ko a cikin kuka sai kin tsokani mutum."

"Tafi ka ɗauki akwatin mutane, jirgin Kano ya sauka."

Haka suka shiga watannin Hajji, lokacin da filin jirgin Madina ba ya numfashi. Hajja ta zuba ido ta ga ɗanta ya yi fushi, ko ya daina cin abincin gida, ko ya turo malamai su yi mata wa'azi, kamar yadda 'ya'yan ƙawayenta suke yi. Bai yi ko ɗaya ba. Kullum in ya taso aiki sai ya biya ya sayo mata wake da gurasa mai zafi. Ya kai ta Harami, ya jira ta a bakin ƙofar mata, ya dawo da ita. Yana wasa da Huda, yana gyara famfo. Sunan Najiba bai ƙara fitowa daga bakinsa ba. Da Safiyyatu ta kawo hoton 'yar ƙanwarta, ya karɓa da hannu biyu, ya ce Allah Ya ba ta miji nagari, ya mayar.

Wannan ya fi damun Hajja. Da fushi ya yi, da ta san yadda za ta yi da shi. Ga kuma wani abu da ke cizonta: a gidan ubanta, barin shayin mai gida ba a sha ba wulaƙanci ne da ake yi wa maƙiyi kawai. Yarinyar nan ta durƙusa mata, ita kuwa ta yanke hukunci ba ta tambaye ta kalma ɗaya ba.

Bayan alhazai sun watse, wata safiya ta yafa mayafinta ta ce wa Huda za ta asibiti. Ta hau tasi ita kaɗai zuwa Harra ta Yamma.

Najiba na hutu ranar, tana yanka wa mahaifinta farce a tsakar falo. Ta shigar da tsohon ɗaki, ta dawo ta zauna a ƙasa.

"Ki haɗa min shayi," in ji Hajja. "Wancan na bar miki shi, ban kyauta ba."

Sai da ta sha rabin kofi sannan ta ajiye. "'Yar nan, tambaya ɗaya na zo da ita, kuma ba na son kwana-kwana. Wa kike yi wa hayaƙi?"

"Kaina, Hajja."

"Kanki miji ne?"

"A'a. Amma shi kaɗai ne bai taɓa saki na ba."

Hajja ta haɗe fuska don kada dariya ta kuɓuce mata. "Uwarki 'yar Sudan ce. Ba ta gaya miki al'ada ba?"

"Ta gaya min. Ita ta fara zaunar da ni a kai da hannunta, kafin aurena na fari, tukunyar ma tata ce. Da auren ya mutu na kife ta kamar yadda ake yi. Sai na ga miji ne ya tafi, jikina yana nan. Wuni nake ina tura manyan mata a keke, bayana kamar zai rabe. In na zauna a kan hayaƙin nan sai in ji na dawo mutum. Kuma ina son ƙamshin, Hajja. Na tambayi malamai, ba wanda ya ce min haramun ne."

"Mutane fa?"

"Mutane sun sa min suna tun kafin su ga hayaƙi."

"To shi misyar ɗin, me ya kai ki? Ba yunwa kike ji ba, kina da aikinki."

Najiba ta sunkuyar da kai, ta ɗan ja zaren darduma. Da ta yi magana, a hankali ta yi ta, amma ba ta yi in-ina ba.

"Hajja, ke uwa ce, ba zan yi miki ƙarya ba. Ni mace ce mai lafiya. Ina son aure, kuma ina son abin da ke cikin aure. Na zauna shekaru ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa sai masu son a gaisa a waya. Da wannan ya zo ta hannun Baba, da shaidunsa, na ce a ɗaura. Na san za a zage ni. Na ga gara a zage ni a kan halal, da a yi ta yabona a kan haƙurin da ban tabbata zan iya ba."

Hajja ta kai hannu ta rufe baki. Tun da take ba ta taɓa jin mace ta faɗi wannan a fili ba, sai dai a cikin habaici da shewa a ɗakin amarya. Ita kanta tana da sauran ƙuruciya mijinta ya rasu, ta kuma san abin da yarinyar ke nufi fiye da yadda za ta yarda ta faɗa.

"Bayan waɗannan biyun, akwai wani?"

Najiba ta ɗago ta dube ta ido cikin ido. "Babu, Hajja. Allah ne shaidata."

"Shi Ɗan'inna me kika gani a jikinsa? Ba kuɗi, ba baki."

"Ya ji sunan da ake kira na tun kafin ya yi min magana. Bai taɓa tambayata ko gaskiya ne ba, bai kuma taɓa yi min kallon wanda yake fatan gaskiya ne ba. Maza kashi biyu na sani a kan sunan nan, masu gudu da masu matsowa. Shi ne na farko da ya yi sallama kawai."

Hajja ta shanye shayin har ƙasa. Ba ta ce ta yarda ba, ba ta ce ta ƙi ba. Ta dai karɓi dabino uku ta ƙulle a gefen mayafi, ta tafi.

Ranar Juma'a bayan masallaci Baffa Bakri ya zo cin tuwo, kamar kowane mako. Ƙanin marigayi ne, shi ne uba a gidan yanzu, kuma duk maganar aure sai ta bakinsa. Mai shagon kayan gyaran mota ne, mai tumbi da fara'a, gemunsa ya sha baƙin lalle. Tsakaninsa da Hajja akwai wasan ƙanin miji, ba a rabuwa sai an taɓa juna da magana. Safiyyatu ma tana nan, ta zo taya tuƙi.

Da aka ɗauke kwanuka Bakri ya gyara zama ya yi gyaran murya. "To, jama'a, ku taya ni addu'a. Na samu wata a unguwar Ƙuba. Wata mai kamawa za a ɗaura."

Safiyyatu ta rangaɗa guɗa. "Ayyiriri! Zaki! Namijin duniya, ba ka tsufa!"

Bakri ya shafa gemu, daɗi ya cika shi. Ya juya kan Sharfuddeen. "Kai ma ka yi koyi da ubanka. Ka nemi budurwa sabuwa dal, ka rabu da zancen Funduƙ ɗin nan. Gidanmu ba a kawo ragowar wasu."

Sharfuddeen ya dunƙule hannu a kan gwiwa. Huda ce ta miƙe tsaye da tire a hannu.

"Aib, ya Ammi! Abin kunya ne, Baffa! Wannan magana ta zamanin dā ce, wallahi. Yanzu ba wanda yake kiran mace haka. Duniya ta canza, shi ke nan!"

"Ji 'yar boko!" in ji Bakri yana dariya. "Duniya ta canza, hali bai canza ba. Mai suna da sunanta."

"Bakri," in ji Hajja.

Yadda ta kira sunan ya sa kowa ya juyo ya dube ta.

"Wannan ta Ƙuba, ta nawa ce?"

"Haba, matar yaya, lissafi kuma?"

"Ni zan taya ka. Akwai uwar su Umair. Akwai 'yar Nyala. Akwai wadda ka saka saboda gishiri. Akwai ta Jidda da ba mu ma gan ta ba, sai labari. Akwai..."

"To, to, ta bakwai ce! Duk da sadaki na aure su. Sunna na raya!"

"Ita ma Najiba da sadaki aka aure ta, sau biyu. Kai bakwai, an yi maka guɗa an ce zaki. To gaya min, in ita mai biyu masaukin baƙi ce, kai mene ne? Filin jirgi?"

Huda ta saki tiren ta durƙushe tana dariya. Sharfuddeen ya juya fuska bango, kafaɗunsa na rawa.

Hajja ta juya kan aminiyarta. "Safiyyatu, tsakaninki da Allah, a garin Manzo muke. Me kika gani da idonki a kan yarinyar nan?"

"Ni... ai ke ma kin shaƙa, Hajja."

"Na shaƙi me?"

"Hayaƙi."

"Bayan shi fa?"

Safiyyatu ta yi ta murza zoben hannunta. "Mutane ne suke faɗa."

"Hayaƙi. Shari'a ta ce shaidu huɗu masu ido, mu muka kawo hanci biyu." Ta numfasa. "Na koma gidan ni kaɗai, na tambaye ta, ta amsa min abin da ko ke ba za ki iya faɗa a gabana ba. Macen da take da abin ɓoyewa ba a saman bene take kunna wuta ba."

Sannan ta dubi 'yarta. "Ke kuma, auta, kin ce maganar ta tsufa. Ba tsufa ta yi ba. Abin da ya tsufa, dā can yana da amfani, kamar fitilar kwai. Wannan kuwa tun ranar da aka fara jefa wa mace ita ba ta halatta ba. A zamanin kakata ƙazafi ce, yau ma ƙazafi ce. Kada ki ce mu bari don duniya ta canza. In duniya ta sake juyawa fa, sai mu koma?"

Huda ta ɗauki tiren da ta saki. Can ta ce da Hausa tsantsa, abin da ba ta cika yi ba, "Gaskiya ne, Inna."

"Bakri, gobe bayan la'asar ka sa farar jallabiyarka da rawani, ka je wurin Malam Issoufou ka nema wa ɗanka aure."

"In na ƙi fa?"

"Sai in shirya in je Ƙuba gaida sababbin surukai. Ina da labarin mata shida, kowace da sunanta da abin da ya fitar da ita."

Bakri ya dube ta, ya dubi Sharfuddeen, sai ya fashe da dariya har tumbinsa na girgiza. "Yaya ya bar min masifa a gidan nan! Na ji, zan je. Astagfirullah a kan abin da na faɗa. Kai kuma, ɗan banza, ka bar uwarka ta yi maka yaƙi kana zaune kamar tulu!"

Sharfuddeen ya rarrafo ya kama hannun uwarsa ya sumbata, ya ɗora goshinsa a kai. Ba ta janye ba. Ta dafa kansa ta ce, "Da ka ɗaga min murya ko sau ɗaya, da ban koma gidan nan ba. Allah Ya yi maka albarka. Tashi, kana jiƙa min hannu."

An ɗaura auren a masallacin unguwar su Najiba, aka yi walima a wani gidan biki da ke bayan gari, cikin gonakin dabino. Abokan aikin ango suka zo da rigunansu na aiki a ƙarƙashin jallabiya, don wasu daga nan filin jirgi za su wuce. Malam Issoufou ya ɗinka wa 'yarsa kayan da hannunsa, duk da idonsa ya yi rauni. A ɓangaren mata, Hajja Ƙaltume ce ta riƙo hannun amarya ta shigo da ita, ta zaga da ita gaban manyan matan Harra biyu ɗaya bayan ɗaya.

"Ga 'yata Najiba," take cewa kowace. "Najiba. Ku riƙe sunan da kyau, shi ubanta ya yanka wa rago."

Ba duka bakuna suka mutu ba. Har yau akwai masu kashe ido in ta wuce, akwai kuma waɗanda ba su zo bikin ba. Safiyyatu ta zo, ta yi aiki kamar jaka, kafin a tashi kuma ta ja amarya gefe ta nemi gafara cikin kuka. Najiba ta yafe, ta ƙara mata da cewa in ta sake, za ta sa ta a keke ta tura ta har jirgin Hartum. Zaman gidan ya yi daɗi. Suruka da uwar miji sukan yi saɓani a kan yawan citta a gahawa, ba su taɓa yi a kan abin da ya wuce ba.

Masu karatu, haƙurin ɗa ga uwarsa ba ya faɗuwa ƙasa, haka ma gaskiyar macen da ta ƙi sayen mutunci da ƙarya. Mummunan suna kuwa ba shi da wuyar laƙabawa: mutum ɗaya ya faɗa, goma su maimaita, a rasa wanda ya gani. Kafin ka kira 'yar wani da sunan da ba ubanta ya raɗa mata ba, tambayi kanka abin da idonka ya gani, ka kuma tambayi kanka sunan da kake kiran namijin da ya yi irin abin da ta yi. Ranar da za a tsayar da kai a kan kalmar, waɗanda ka ji a bakinsu ba za su tsaya tare da kai ba. Allah Ya ba mu ikon riƙe harsunanmu.